Waƙar da Filomena Ta Sata

Ana tsakiyar waƙa ukulelen Kawu Likeke, ɗan abin kiɗan nan mai kama da garaya, ya sulale daga ƙirjinsa ya bugi simintin rumfar. Ƙarar ba ta taka kara ta karya ba, amma duk hannun da ke kiɗa ya tsaya cak. Anti Filomena, wadda kujerarta ke damansa shekara talatin da ɗaya, ita ta fara duban fuskarsa. Baki ya karkace gefe guda, hannun dama yana reto kamar na aro.

"Likeke! Kai, Likeke, bar wannan wasan banzan."

"Ba wasa ba ne," in ji Kawu Masa, yana ƙoƙarin tashi gwiwa na hana shi. "Ku kira motar asibiti! Mena, daina jijjiga shi haka, ba bishiyar mangwaro ba ne."

Asabar ta biyu ce ga watan Yuli. Bakin tekun Keaukaha, unguwarsu a tsibirin, ya cika da tantuna kamar kowace bazara in an rufe makarantu, gida-gida sun kwaso tukwane da tabarmi sun tare a bakin ruwa. Rumfar ƙarshe, wadda ke kusa da tafkin ruwan sanyi, ta tsofaffi ce, kowa ya sani. Duk cikinsu ba wanda kiɗa ya taɓa ciyar da shi. Masa bakaniken bas ne da ya ajiye aiki, Filomena ta ƙare ƙuruciyarta tana dafa wa 'yan makaranta abinci, shi kuwa Likeke dako ya yi a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ce ya gaji. Su kan zauna a da'ira, kowa da ɗan ukulelensa mai tsirkiya huɗu, waƙa tana zagayawa. Wanda ke ja in ya gama, ba ya magana, haɓa kawai zai ɗaga wa wanda yake so ya karɓa. Haka suka tarar, haka suke yi.

Da aka tafi da shi, Filomena ta sunkuya ta ɗauki ukulelen. Bai fashe ba, ɗan gefe ne ya kwarzane. Ta goge da bakin rigarta, ta rungume shi har gida.

Gidanta da nasa shingen furanni ne kawai ya raba su. Tun da matarsa ta rasu, ita ke miƙa masa kwano ta saman shingen, shi kuma ya miƙo mata kifi da tsokana. "'Yar Fotugal," ya kan ce, "ranar da bakinki ya rufu, ranar zan san duniya ta zo ƙarshe." Ita kuma ta ce, "Ci abincinka, tsohon banza, kafin ƙuda ya riga ka."

To, amma akwai abin da ta ɓoye masa, kuma shi ne ya hana ta sakat a wannan mako.

Gidan Naone, wato dangin Likeke, suna da waƙa tasu. Mahaifiyarsa ta karɓa daga bakin tata uwar, shi ya karɓa daga bakinta. Baiti huɗu ce, cikin tsohon harshen tsibirin, irin wanda yanzu sai an tona kafin a sami mai jinsa sosai. Sau ɗaya yake rera ta a shekara, ranar Asabar ɗin ƙarshe kafin a kwance tantuna. Sauran su bi shi da kiɗa a hankali, baki a rufe. Kafin ya fara kuma sai ya bi da'irar da ido.

"Wayoyi cikin jaka. Wanda ya ji, ya ji. Ba a rubutawa, ba a ɗauka. Daga baki take fita, bakin jininmu take shiga."

Ba rowa ba ce. Baiti na huɗu shi ke faɗin hanyar dutsen da gidan Naone ke ɓoye cibiyar 'ya'yansu tun kaka da kakanni. Wannan ba abin da za a saka a waya ana yawo da shi a aljihu ba ne.

Bara kuwa Filomena ta ga hannunsa ya fara rawa, ta ga 'yarsa tilo, Mapuana, ta shekara goma sha tara a Las Vegas ba ta koyi ko baiti ɗaya ba. Sai ta sa wayarta cikin jaka kamar yadda ya ce, amma a kunne. Ta ce wa zuciyarta taimako ne. Ko da wane suna ta kira shi, an ce kada a yi, ta yi.

Ranar Talata Masa ya biyo ta gidanta daga asibiti. Ya cire silifas a bakin ƙofa, ya zauna a kicin, ta tura masa farantin malasada, fanken nan nasu mai sukari.

"Likita ya ce ɓarin dama ya tafi," in ji shi. "Magana ma ta tafi. Yana ji, yana ganewa, amma in ya buɗe baki sai iska. Zuciyar kuma ta gaji. Za su maido shi gida ya ƙarasa a gadonsa." Ya juya fanken a hannu. "Waƙar nan ta tafi ke nan. Na gaya wa mutumin nan ya fi sau ɗari, taurin kai kamar ƙusar da ta yi tsatsa."

Filomena ta ɗauko wayar ta ajiye a tebur tsakaninsu. "Ba ta tafi ba. Tana nan ciki."

Masa ya dubi wayar, ya dube ta. "Ke! Mena!"

"Kada ka yi mini ihu a gidana."

"A gabansa? Kina zaune a damansa?"

"To da a ina zan ɗauka, a coci?"

Ya share sukarin da ke gemunsa. Sannan ya rage murya, duk da ba kowa a gidan sai su biyu. "Ji nan. Ki kama bakinki, in kin iya. Kwanaki ne suka rage masa. In an binne shi, ki ba yarinyar, ki ce tsintar ta kika yi. Shi ya tafi da zuciya fara, ita ta sami gadonta. Wa aka cuta?"

"Shi."

"Ai ba zai sani ba."

"Ni na sani, Masa. Shekara guda ina miƙa masa abinci da hannun da na yi masa sata. Yanzu kuma in tsaya a kan kabarinsa ina jiran ƙasa ta rufe in fito da kayan?"

"In kika gaya masa, zai mutu yana fushi da ke. Kin san shi. Ɗan'uwansa ma shekara tara bai yi masa magana ba a kan ragar kamun kifi."

Ta sani. Abin da ke cin ta ke nan.

Mapuana ta sauka ranar Alhamis, da fuskar wadda ta yi kuka a jirgi. Aka kafa wa tsohon gado a falo, kusa da tagar da ke kallon baranda, don ya riƙa jin iskar teku. Da la'asar ta tsallako shinge ta sami Filomena tana tsince shinkafa.

"Anti, dubi abin da na zo da shi." Ta buɗe wani ɗan farin ƙyalle. A ciki akwai wani abu baƙi, busasshe, bai kai kan ɗan yatsa ba. "Cibiyar jikata ce. Wata biyu da haihuwa. Na ce in na zo a watan Agusta Baba zai kai ni wurin, ya koya mini waƙar gaba ɗaya. Kullum ina cewa baɗi, baɗi. Aiki, Anti, kin san aikin otal." Ta ɗago kai ta dubi Filomena. "Ke da kike kusa da shi shekara da shekaru, ba ki riƙe komai ba?"

"Kiɗan na sani," in ji Filomena, idonta a kan shinkafa.

"Kalmomin fa?"

"Kin ci abinci kuwa? Dubi yadda kika rame."

Mapuana ta naɗe ƙyallenta ta koma. Filomena ta zauna da tire a cinya har shinkafar ta fara yi mata gizo. Matar da duk unguwa ke yi wa dariyar surutu, ga ta an tambaye ta abu ɗaya ta kasa amsawa.

Washegari da hantsi ta sa rigar zuwa coci, ta ɗauki wayar da ukulelensa, ta shiga ta ƙofar gaba kamar baƙuwa. Likeke yana jingine da matasai uku. Ya ƙanƙance cikin kwana shida. Da ya gan ta, gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa.

"Kada ka yi mini murmushi," ta ce. "Ba ka ji abin da na zo da shi ba. Mapuana, zauna, ke ma ki ji."

Ta jingine ukulelen a ƙafar gado. Ta tsaya, hannu biyu a kan jaka.

"Bara, ranar rufe tantuna, da ka ce a sa wayoyi a jaka, na sa tawa a kunne. Na ɗauki waƙar gidanku, duka huɗun. Ba wanda na ba, ba wanda ya ji, amma na ɗauka. Ka hana, na yi. Ga ta nan."

Idon tsohon ya sauka kan wayar ya tsaya. Jini ya hau fuskarsa. Ya buɗe baki, wani sauti ya fito mai kama da na ƙofar da ta kumbura da damina. Hannun hagu ya damƙi zanen gado.

Mapuana kuwa ta miƙe tsaye. "Tana ciki? Anti, tana ciki kika bar ni jiya ina kuka? Kawo! Baba, ka ji, ba ta ɓata ba!"

Ta miƙa hannu. Tsohon ya daki ƙarfen gadon da hannun hagu, sau ɗaya, da ƙarfin da ba wanda ya zaci ya rage masa. Ya girgiza kai. Ya nuna wayar, ya share iska da tafinsa.

"Baba, don Allah! Ba ka iya magana! In ta goge, a ina zan samu?"

Ya sake share iska.

Filomena ta sa tabarau. Sai da ta yi kuskure sau biyu. Ta juya fuskar wayar gare shi don ya gani da idonsa, ta danna.

"Shi ke nan," ta ce. "Ta fita."

"Kin kashe ni, Anti," in ji Mapuana. "Sata kin riga kin yi. Da kin bari ta yi mana amfani." Ta fita baranda, ƙofar raga ta bugu a bayanta.

Filomena ta jira. Ba ta san me take jira ba, ko hannu, ko kallo. Likeke ya juya fuskarsa bango, a hankali, da wahala, ya bar ta da ƙeyarsa.

Kwana biyar ba ta taka gidan ba. Ta kan dafa miyar kaza da damun gwaza mai ruwa-ruwa, ta ajiye a kan matakala, ta ƙwanƙwasa ta juyo. Wani lokaci kwanon ya dawo a wanke, wani lokaci ya dawo yadda ya tafi. Ranar Asabar ba ta je rumfa ba. Masa ya leƙo ya ce, "Na gaya miki," ta ce, "Ka gaya mini, sai ka je a ba ka lambar yabo," ya tafi.

Akwai kuma sauran abin da ba ta faɗa ba. Shekara guda tana kunna waƙar nan a kicin in tana wanke-wanke, tana bin ta da baki. Ba ta jin ma'anar ko rabinta, amma ta zauna mata a ka daram, kamar yadda aku ke riƙe magana. An goge ta waya, ta kai fa? Kuma ba ta da ikon buɗe baki da ita, ko ga Mapuana. Sai ta riƙa jin baitocin suna yi mata yawo a ƙirji, tana cije leɓe.

Ranar Laraba da safe, ana yayyafi, Mapuana ta tsaya a bakin shinge ba lema.

"Anti, zo. Ba don na huce ba. Yana ƙoƙarin yin waƙa."

"Waƙa? Mutumin da ba ya magana?"

"Mai jinyar ta ce ana yin haka. Magana ta ƙi, waƙa ta fito. Ya kama wuyan ukulelen da hagu yana danna tsirkiya, ni ina kaɗa masa, sai ture hannuna yake. Ban iya bugunku na rumfa ba. Ya nuna gidanki."

Filomena ta shiga da ƙafa a jiƙe. Bai dube ta ba. Ukulelen yana kwance a ƙirjinsa, yatsun hagu a kan tsirkiya. Ta ja kujera zuwa damansa, inda hannun da ya mutu yake, ta zura nata hannun ta samansa. Kayan kiɗa ɗaya, mutum biyu. Ta buga a hankali, bugun da ta saba.

Muryar da ta fito ba tasa ta da ba ce, siririya ce, tana kwarzane. Amma kalmomi ne, ɗaya bayan ɗaya. Mapuana ta durƙusa a gefen hagu, kunnenta kusa da bakinsa. Ya yi layi, ta maimaita. In ta karkata, ya ɗaga yatsu daga tsirkiya, kiɗa ya mutu, a koma baya.

"Baba, a hankali mana, kaina ba na yara ba ne."

Ya harare ta da ido ɗaya. Ta maimaita.

Baiti na farko ya ci safiyar Laraba. Na biyu Alhamis. Na uku sai da ya kai su Asabar, don yanzu in ya yi layi biyu sai ya huta, numfashi yana yi masa gardama. Duk kwanakin nan bai dubi Filomena ba ko sau ɗaya. Hannunta kawai yake aro. Ita ma sai ta zo, ta kaɗa, ta tafi.

Ranar Litinin suka zo na huɗu. Ya danna tsirkiya, ta buga, ya buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ya sake. Leɓe yana motsi, maƙogwaro yana hawa da sauka, iska kawai. Sau huɗu suna komawa. Gumi ya tsatso masa a goshi, hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa sosai.

"Baba, huta. Gobe ma rana ce."

Duk su ukun sun san ba lallai ba ne.

Filomena ta ci gaba da bugun a hankali don kada shirun ya yi yawa. Baitin yana bakinta, yana tura haƙora. Ta kafe idonta a kan tagar. Daga nan inda take zaune, ta saman baranda da shingen furanni, sai ta hango tagar kicin ɗinta a buɗe, har da kwandon kwanukanta. Kusa ƙwarai. Duk abin da aka rera a can, a barandar nan ana ji. Ashe ya daɗe da sanin waƙar tana bakinta.

Da ta juyo, yana kallonta. Karo na farko cikin kwana goma. Ba murmushi a fuskar, ba sassauci. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga mata haɓa.

"Ni?" ta ce. "Likeke, ni ba jininku ba ce."

Ya sake ɗagawa, da ɗan fushi, irin na rumfa in mutum ya tsaya nauyin jiki.

Ta rera. Harshenta yana tuntuɓe a kan kalmomin da ba ta san me suke nufi ba. A layi na biyu ya ɗaga yatsu, kiɗa ya mutu. Ta gyara, ya girgiza kai. Ta sake gyarawa, ya mayar da yatsu. Mapuana tana karɓa daga bakinta layi-layi, can sai ta dafe ƙirji.

"Bayan tafki... itacen da ya sunkuya... Baba, dutsen nan mai rami da kake hana ni hawa ina yarinya?"

Ya lumshe ido.

"Kada ki faɗa a gabana," in ji Filomena da sauri. "Ban ji ba, ba na son ji."

Sau bakwai Mapuana ta rera baitin, har ta yi shi ita kaɗai ba gyara. Tsohon ya saki wuyan ukulelen. Filomena ta zare hannunta, ta tsaya.

"Likeke, ka yafe mini?"

Idonsa a rufe. Ko barci ne, ko ba ya son amsawa, ba ta sani ba. Ta ɗan jira, ta ɗauki silifas ɗinta a bakin ƙofa.

Ya cika ranar Laraba da hantsi, Mapuana tana shafa masa mai a ƙafa. Filomena tana shanya a bayan gida ta ji kukan. Ta ƙarasa maƙale rigar da ke hannunta tukuna, sannan ta tsallaka.

Aka yi jana'iza a cocin unguwa, aka ci abinci a garejinsa. Masa ya matso kusa da ita da faranti a hannu.

"Ya ce miki wani abu kafin nan?"

"Da wane bakin?"

"To ai ya ba ki waƙar."

"Aro ya ba ni, don ba shi da wata hanya. Na mayar." Ta karɓe farantin daga hannunsa. "Likita ya hana ka naman nan."

Asabar ɗin ƙarshe ta zo da rana mai kyau. An fara kwance tantuna, ana ɗaure tabarmi a kan motoci. A rumfar ƙarshe tsofaffi suka zauna a da'ira, waƙa ta zagaya ba armashi. Da ta zo kan Masa ya gama tasa, ya dubi kujerar Likeke, inda Mapuana ke zaune da ukulele mai kwarzane a gefe. Ya ɗaga mata haɓa.

Ta share murya. Ta bi da'irar da ido.

"Wayoyi cikin jaka," ta ce. "A kashe."

Filomena ta ciro tata ta miƙa wa Masa ya riƙe. Mapuana ta fara, muryarta ta fi ta ubanta tsayi, ta yi tuntuɓe sau ɗaya a na uku ta tashi da kanta. Filomena tana damanta tana bugu a hankali. Da aka shiga na huɗu, ta haɗe leɓɓanta gam har aka kai ƙarshe.

Ba a tafa ba, ba a saba ba. Mapuana ta jingine ukulelen a kujera, ta ciro ɗan farin ƙyalle daga aljihu, ta cire takalmi, ta nufi wajen tafki ita kaɗai.

Filomena ta tashi, ta ɗaga kujerarta ta juya ta, ta zauna tana fuskantar titi. Wasu mutum biyu suna naɗe wani shuɗin tanti, iska tana ƙwace musu gefe ɗaya. Ta ɗora ukulelenta a cinya, ta kama murɗa tsirkiyar da ta saki.